Ta Ina Zan Shiga Harkar Kiwon Lafiyar Duniya, Kuma In Ajiye Alƙalamin Zanena?

"Assalamu alaikum Malam. Na karanta ilimin ƙananan halittu a jami'a, yanzu saura wata huɗu in gama bautar ƙasa. Burina in yi aikin bincike a fannin kiwon lafiyar duniya, amma ba ni da kowa a harkar, ban ma san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. Kullum ana ce mini in nemi jagora, to a ina ake samunsa? Sannan ina zane, ina rubuta waƙa tun ina sakandare, sai wata malamarmu ta ce in ajiye su idan da gaske nake son kimiyya. Gaskiyarta ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abu uku kika tambaya: ƙofar shiga, inda ake samun jagora, da makomar zanenki. A ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure su. A wannan fanni kowa yana da buri, saboda haka abin da ake dubawa shi ne aikin da mutum ya taɓa ɗauka da hannunsa har ya kai shi ƙarshe. Ƙaramin aiki guda da kika kammala shi zai buɗe ƙofar, shi zai sa babban malami ya amsa wasiƙarki, kuma a cikinsa za a gane ko zanen naki jari ne ko nauyi.

Filin yana ƙofar gidanku

Sunan ne yake ruɗar matasa. Da an ce kiwon lafiyar duniya sai mutum ya hango Jeniba, hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya da aka kafa a 1948, ko Adis Ababa, inda Tarayyar Afirka ta buɗe cibiyarta ta yaƙi da cututtuka a 2017. Ofisoshin suna nan, amma kujerunsu kaɗan ne, kuma masu zama a kansu yawanci sun sha ƙurar ƙauye da zaman ɗakin gwaji kafin su isa. Ainihin fannin shi ne nazarin cututtukan da ba ruwansu da iyakar ƙasa, da neman hanyar da magani zai iske talaka kamar yadda yake iske mai hali.

In haka ne, a tsakiyar filin kike zaune. A Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro tsakanin 1969 da 1976; an yi feshi, an raba magani gida-gida, cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, kuma har gobe masana lissafin yaɗuwar cuta suna komawa ga bayanan da aka tara a can. A Zariya likitan Birtaniya Brian Greenwood ya shafe shekarun 1970 yana nazarin sanƙarau kafin ya tafi Gambiya. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso aka fara yin ta ga jama'a a 2010. A Maraɗi, lokacin yunwar 2005, aka nuna wa duniya cewa dubban yara masu tamowa za su iya warkewa a gida da abincin gyaɗa na musamman ba sai an kwantar da kowa ba. Saran kububuwa a Kaltungo, cutar noma mai cinye baki da fuskar yara a Sakkwato, mashaƙo a Kano tun ƙarshen 2022, duk batutuwa ne da ake tattaunawa a manyan tarukan duniya.

Ki duba gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitoci sun ba da maganin fitar da gubar, amma da su kaɗai ne da yaran sun koma gida sun sake shaƙar ƙurar. Sai da aka haɗa da masu auna dalma a jini, masu auna ƙasa, masu kwashe ƙasar tsakar gida a zuba sabuwa, masu bi gida-gida suna ƙirga yaran da suka rasu, da masu zama da hakimai da mahaƙa a shawo kansu su daina niƙa dutse a cikin gida. Mafi yawan waɗannan ba likitoci ba ne.

Abu guda da ya kamata a faɗa miki tun da wuri: a Najeriya digirinki ba ya ba ki lasisin fitar da sakamakon gwajin majiyyaci a asibiti. Wannan na waɗanda suka karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne suka yi rajista da majalisar sana'ar, da likitocin fannin. Matasa da yawa suna ɓata shekara biyu suna buga wannan ƙofa. Hanyoyin da suke buɗe gare ki su ne ɗakin gwaji na bincike, bin diddigin cututtuka da sarrafa bayanai, da binciken halayyar al'umma da isar da saƙon lafiya.

Kowacce kika ɗauka, ƙididdiga ce gishirinta. Ki ƙware a Excel sosai, sannan ki koyi R, manhajar ƙididdiga wadda kyauta ce. Ki iya tsara takardar tambayoyi a KoboToolbox ta yadda za a cika a waya ko babu intanet, ki iya zana taswira da QGIS, ki san yadda DHIS2 da SORMAS suke aiki tunda da su ma'aikatun lafiya ke tattara rahoto. Awa ɗaya kullum na wata shida ya fi kwas na mako guda da ake raba takardar shaida a ƙarshensa. Ki ƙara da kwas ɗin ɗa'ar bincike, akwai na kyauta a TRREE da The Global Health Network, domin ayyukan bincike da yawa suna tambayar takardar shaidarsa. In kina da sauran ƙarfi ki taɓa Faransanci: Nijar, Chadi da Kamaru maƙwabta ne, kuma ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya a Barazabil ta Kongo yake, duk inda ake magana da shi.

Aikin farko

Ga wanda ya dace da karatunki, kuma ba ya cin kuɗi. Bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Duk da haka asibitoci da yawa ba su da takarda guda da ke nuna wa likita wane magani ne har yanzu yake ci a garin. Bayanan kuwa suna nan kwance cikin manyan rajistocin ɗakin gwaji, ƙura ta rufe su.

Ki je wurin shugaban ɗakin gwajin asibitin da ke kusa da ke, ki nemi ku yi aikin tare, da sunansa a ciki. Ku rubuta bayanin aikin shafi uku ko huɗu, ku kai wa kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ko na ma'aikatar lafiya ta jiha. Kada ki tsallake wannan don kin ga tsofaffin takardu ne: mujallar kirki za ta nemi lambar amincewar, kuma kwamiti ba ya bayar da ita bayan an gama aiki. Sai ki ɗauki rajistar gwajin fitsari ta wata 12, ki shigar da kowane layi a kwamfuta: lamba, shekaru, jinsi, ɗakin jinya, kwanan wata, ƙwayar cutar da ta tsiro, da sakamakon kowane magani. Sunan majiyyaci ba ya shiga ko kaɗan. Idan mutum ɗaya ya kawo samfur sau uku, na farko kaɗai za ki lissafa, in ba haka ba masu doguwar jinya za su karkatar da alƙaluman. Duk nau'in ƙwayar da bai kai 30 ba kada ki fitar masa da kaso, domin kashi 50 cikin ɗari na samfur shida ba ya nufin komai. Manhajar WHONET kyauta ce, kuma don wannan aikin aka yi ta.

Inda ake tuntuɓe kuwa sananne ne. Za ki tarar da watannin da faifan gwajin wani magani ya ƙare, aka yi shiru ba a gwada ba. Wannan gurbi ne, ba sakamako ba, ki bar shi a gurbi. Za ki ga magani ɗaya da sunaye uku na kamfanoni, sai kin haɗe su. Za ki ga inda aka rubuta sunan dangin ƙwayar ba a tantance nau'inta ba. Wasu ma'aikatan ba sa rubuta samfurin da bai tsiro da komai ba, sai ki rasa adadin da za ki raba da shi wajen fitar da kaso. Rubutun hannu kuma, Allah dai ya kyauta. Ki ba wani ya sake shigar da kashi ɗaya cikin goma na layukan ku gwada. In kuskure ya yi yawa, ki koma farko. Sannan a rahotonki ki faɗa da bakinki cewa waɗanda ake yi wa irin wannan gwaji galibi mutane ne da suka sha magani bai yi ba, don haka alƙaluman asibiti sun fi na cikin gari muni. Mai karatu da ya san aiki da wannan jimlar zai gane kin fahimci abin da kike yi.

In ɗakin gwaji bai samu ba, rajistar rigakafi ta asibitin sha-ka-tafi ma ta isa. Allurar Penta ta jarirai sau uku ake yi, a mako na 6, na 10 da na 14. A ce yara 400 suka karɓi ta farko, 310 suka kai ta uku: 90 sun zube, wato kashi 22.5, alhali abin da ya haura kashi 10 alama ce ta matsala. Ki raba ta wata-wata da unguwa-unguwa, ki ga ko damina ce, ko nisa, ko ranakun da allura ta yanke. Abin da ba na ba sabon shiga shawara shi ne fara da binciken gida-gida. Lissafin da aka saba na yawan waɗanda za a tambaya yana ba da mutum 384, in ta unguwanni za a zaɓo sai a ninka, a ƙara kashi goma na waɗanda za su ƙi amsawa. Kuɗin mota da na masu tambaya kaɗai zai tsayar da aikin a tsakiya.

Da kin gama, ki fitar da shafi ɗaya ga likitocin asibitin, ki gabatar a taronsu, ki aika taƙaitawa zuwa wani taron masana, sannan ki rubuta gajeriyar maƙala. Ki kiyayi mujallun da ke turo imel suna alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya. Ki duba ko sunan mujalla yana DOAJ ko PubMed, rumbunan intanet na mujallu da maƙalun da aka tantance. Maƙala a mujallar bogi tabo ce. Masu tantance takardun tallafi sun san su, kuma gara a ga ba ki da ko ɗaya da a ga guda biyar irin waɗannan.

Malami, jagora, ubangida

Mutane uku ne ake cuɗawa da suna ɗaya. Malami shi ke koya miki yadda ake aikin, ya gyara lissafinki. Jagora yana duban tafiyar gaba ɗaya, ya ce wannan digirin bai dace da ke ba, wancan aikin ki karɓa ko albashinsa kaɗan ne. Ubangida kuwa, kamar na kasuwa, shi ke ambaton sunanki a ɗakin da ba kya ciki. Da wuya mutum ɗaya ya zama duka ukun, kuma ɗora wa mutum ɗaya duka shi ke kawo ɓacin rai.

Wajen nemansu, ki shiga PubMed ki rubuta sunan cutar da ta dame ki tare da Kano, Sakkwato, Zariya ko Maraɗi, ki karanta maƙalu goma na shekaru biyar da suka wuce. A al'adar fannin, sunan farko yawanci na wanda ya yi wahalar aikin ne, na ƙarshe kuma na shugaban tawaga. Kowa yana rubuta wa na ƙarshe. Ke ki rubuta wa na farko: ya girme ki da shekara biyar ko bakwai kawai, bai manta yadda ake cika takardun ba, ya san gurbin da zai buɗe wata mai zuwa, kuma shi zai kai ki gaban babban. Cibiyoyin da za ki sa wa ido sun haɗa da ACEPHAP a Jami'ar Bayero, ACENTDFB a Jami'ar Ahmadu Bello, ACEGID a Ede, cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba a Legas, WACCBIP da Noguchi a Jami'ar Gana, MRC a Gambiya, CERMES a Yamai da Epicentre a Maraɗi. Kada kuma ki raina jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku. Ranar da kwalara ko ƙyanda ta ɓarke hannu yake nema, kuma wanda ya iya tsara jerin majiyyata a kwamfuta ba a mantawa da shi.

Wasiƙar da ba a amsawa kusan iri ɗaya ce a duk waɗanda nake gani: doguwar gaisuwa, yabo, tarihin rayuwa, sai "ina roƙon ka zama jagorana". Mai karatu bai san me ake so ya yi ba, sai ya ajiye zuwa gobe, goben da ba ta zuwa. Wadda ake amsawa ba ta wuce kalma 150. Ki faɗi ko ke wace ce a layi ɗaya. Ki ambaci takamaiman aikinsa da kika karanta da abin da ya tsaya miki a ciki. Ki faɗi abin da kika riga kika yi, ki liƙa shi. Sai ki roƙi abu ɗaya ƙarami mai iyaka. Misali: "Na tattara sakamakon gwajin fitsari na shekara guda daga asibitinmu, ga jadawalin a liƙe. Na rasa yadda zan yi da watanni uku da ba a gwada magani ɗaya ba. Ko Malama za ta ba ni minti 20 a waya, a duk ranar da ta ga dama?" In shiru, ki tuna mata sau ɗaya bayan mako biyu, sannan ki wuce ga wani ba tare da riƙo ba. Kalmar jagora ma ba sai kin furta ta ba. In kin koma sau uku da aikin da aka ce ki gyara, gyararre, ai jagorancin ya riga ya ƙullu.

Riƙe shi ya fi samunsa wuya, kuma a nan tarbiyyarmu takan yi mana ƙafar ungulu. An koya mana kada a yi wa babba yawan tambaya, sai yarinya ta ce "to" alhali ba ta gane ba, ta tafi ta yi wata biyu tana aikin da ba shi aka ce ba. Ko aiki ya makara, kunya ta hana ta ɗaga waya, ta ɓace. Ladabi yana nan daram in kin ce "Malam, ban gane ba, a maimaita mini". Ki zo kowace ganawa da tambayoyinki a rubuce, ki aika taƙaitaccen abin da aka yanke kafin kwana biyu, in kin kasa cika alkawari ki faɗa kafin ranar. Wasiƙar shaida kuma a nemi ta da saura mako huɗu zuwa shida, tare da sanarwar gurbin da tarihin karatunki da aikinki.

Maganar suna a kan maƙala a yi ta tun kafin a fara, kuma a rubuce, ko da imel ne mai layi biyu. Ƙa'idar da editocin mujallun likitanci suka shimfiɗa ta ce marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi kan aikin. Mai tattara bayanai da ya cancanta a ba shi damar shiga rubutun, ba a ture shi zuwa layin godiya ba. Wannan ya shafi manyan gida, ya kuma shafi baƙin da ke zuwa su kwashi samfur su tafi su buga.

Ubangidan kirki a kasuwa yakan yaye yaronsa, ya ba shi jari ya buɗe nasa shagon. Da wannan za ki auna. Wanda shekara uku kina masa aiki sunanki bai fito ko'ina ba, ko yake hana ki magana da wasu masana, ko yake sa ganawa da dare ko a masauki, ki janye cikin mutunci. Ganawa a ofis, da rana. Ki kuma nemi mace guda a cikin jagororinki, domin tambayar yadda ake haɗa digiri na uku da aure da goyo, da yadda ake shawo kan iyaye su bar 'ya mace ta tafi aikin ƙauye na mako biyu, wadda ta bi hanyar ce za ta amsa miki da kyau fiye da ni.

Batun tallafin kuɗin ƙarin karatu a taƙaice. Chevening ta Birtaniya da tallafin DAAD na Jamus ga ƙasashe masu tasowa suna neman shekara biyu ta aiki, saboda haka shekarun nan na farko ba asara ba ne. Akwai Commonwealth, Erasmus Mundus, Mastercard Foundation, da shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya. Shirin horar da masu bin diddigin cututtuka na Najeriya, wanda ya fara a 2008 tare da jami'o'in Zariya da Ibadan, shekara biyu ne, amma ya fi ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Sharuɗɗan duk waɗannan suna sauyawa, ki karanta sanarwar shekarar da kanki. Kuma ki shiga da ido buɗe: a 2025 Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na waje, ta rufe hukumarta ta agaji USAID, ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙwararru da yawa suka rasa aiki. Wanda abin da ya iya kawai shi ne cika fom ɗin wata ƙungiya ya fi shan wahala; mai ƙididdiga da ɗakin gwaji ya samu wurin juyawa.

Zanen da waƙar

Malamarku tana da rabin gaskiya, zan zo kansa. Amma kimiyyar lafiya ba ta taɓa rabuwa da masu zane ba. Santiago Ramón y Cajal, wanda ya samu kyautar Nobel a 1906, da hannunsa ya zana ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, kuma har yau ana koyarwa da zanen. Taswirar da John Snow ya yi ta mace-macen kwalara a Landan a 1854, da zanen alƙaluman Florence Nightingale kan sojojin da cuta ta kashe fiye da harsashi, aikin ido ne da hannu. A nan gida, sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1970 yake kai wasa ƙauyuka kan matsalolin jama'a, majigi kuma an dawo da shi a yaƙin shan inna.

Dalilin da ya sa wannan ke da nauyi a wurinmu tarihi ne. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, abin da ya jawo shari'ar shekaru kan izinin iyaye. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, ba a koma ba a Kano sai Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Allurar tana nan, yarda ce ta ɓace. Sai da sarakuna, malamai, masu shela da matan unguwa suka shigo kafin a kai ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Wanda ya san kimiyyar, kuma ya iya faɗinta da Hausar da uwa za ta yarda, ba shi da yawa a kasuwa.

Hujja ma akwai. Wani gwaji da aka yi da matasa kusan 5,000 a kudu maso yammacin Najeriya ya nuna waɗanda suka kalli wasan kwaikwayon talabijin na MTV Shuga sun kusan ninka sauran wajen zuwa gwajin ƙanjamau. Sai dai wasa, waƙa da zane sun fi saurin sauya abin da mutum ya sani a kan abin da yake yi, kuma waƙa ba ta cika firjin asibiti. In uwa ta ji waƙarki ta yi tafiyar awa biyu ta tarar babu allura, kin ƙara mata dalilin ƙin dawowa.

Sharaɗin shi ne ki yi wa zanenki abin da ake yi wa magani: a gwada kafin a raba. A ce kin zana yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari na leda ga yaro mai gudawa. Ledar ana zuba ta a lita ɗaya, amma lita ba ma'aunin tsakar gida ba ce. Ledar fiyawota biyu masu rabin lita kowa ya san su, su za ki zana. Ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14 ake ba yaro, rabi ga wanda bai kai wata shida ba, to yaya za ki nuna kwana goma ga wadda ba ta karatun boko? Rana goma a jere, ko gurabe goma da za ta riƙa yi wa alama? Ki kai zanen wurin mata 15 ko 20 irin waɗanda aka yi domin su, ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba. Kada ki ce "kin gane?", domin kowa zai ce e don kara. Ki ce "me kika gani a nan?", sannan "me matar nan take yi?", ki yi shiru ki rubuta. Abubuwan da ke fitowa suna da ban mamaki. An zana sauro babba don a gan shi, sai a ce mu namu bai kai haka ba. An zana hannu shi kaɗai yana zuba magani, sai a ga yankakken hannu. Alamar giciye da kike nufin "kar a yi" wata ba ta ɗauke ta haka ba. Wadda ta yi allo daga dama take fara karanta hotuna, sai matakinki na ƙarshe ya zama na farko. Lamba ko kibiya ke maganin wannan, rubutun kuma a sa shi da ajami da boko. Ki gyara, ki kai wa wasu sababbi, har sai mafi yawa sun faɗi saƙon da bakinsu.

Waƙa ma haka. Saƙo ɗaya, kuma a amshi, don amshi ake riƙewa. Haɗarin mawaƙi shi ne ƙafiya ta ja shi ya mai da kwana goma bakwai saboda ya fi zama a baiti; duk adadi ma'aikacin lafiya ya duba shi kafin a shiga situdiyo. Bayan mako guda ki koma ki ji abin da ya rage a kan masu sauraro. In kin rubuta yadda kika gwada, mutum nawa, me aka sauya, me ya biyo baya, wannan kansa bincike ne da ake bugawa. Akwai ma hanyar da Caroline Wang da Mary Ann Burris suka fara da matan karkara a Yunnan ta Sin a shekarun 1990, inda ake ba mutane kyamara su ɗauki matsalolinsu da kansu su yi bayani. In za ki yi irinta, izini a rubuce ko a naɗe, kuma kada hoton yaro mai tamowa tsirara ya fita daga hannunki don a burge masu ba da tallafi.

Rabin gaskiyar malamarku shi ne lokaci da kuma laƙabi. Da tawaga ta gane kin iya zane, duk fosta da kalanda a kanki za su sauka, a kira ki mai yi mana zane, ranar nazarin bayanai kuma a manta da ke. Maganinsa ki riƙe wani ɓangare na lissafin ko na ɗakin gwaji a kowane aiki, ki sa kimiyya a sama a takardar tarihin aikinki, zane ya biyo baya da misalai uku ko huɗu da aka gwada aka yi amfani da su. A nemi a sa kuɗin zane da na gwajinsa a kasafin bincike tun farko, sunanki kuma ya fito a ƙasan kowane hoto. A shekara biyun farko, in za ki raba lokacin da kike da shi bayan aiki, ki ba ƙididdiga da rubutun maƙala kashi uku, zane da waƙa kashi ɗaya.

Wannan duka ya shafi zanen da zai shiga aiki. Ki bar wani littafin daban wanda babu saƙon lafiya a cikinsa, ba mai duba shi, ba mai gwada shi. Wanda ya yi wata guda yana ƙirga yaran da ƙyanda ta kashe yana bukatar inda zai sauke abin da ya gani, kuma ma'aikatan fannin nan da yawa ba su da irin wannan wurin. A wata huɗun da suka rage miki kuwa, takardar kwamitin ɗa'a ce ta fi komai jan lokaci, don haka ita za ki fara shigarwa. Kafin ta fito kin gama kwas ɗin ɗa'a, kin kuma iya buɗe jadawali a R.